Ranar da Yaya Ya Sauko Rijiya

Mu biyu maza mahaifinmu ya bari, ni da yayana, da garka guda a gefen tafkin Madarunfa inda muke dasa albasa da tattasai da ɗan taba idan damina ta wuce. Yaya ya girme ni sosai. Shi ya goya ni, shi ya koya mini riƙon hauya. Ni ne na ƙarshe a ɗakin Inna, don haka ko da na yi gemu ba a kirana da komai a gidan sai Auta.

Ciwon ido ne ya kai ni Maraɗi ina saurayi, ba da daɗewa ba bayan Turawa sun miƙa mulki. Na jima ina jinya wurin 'yan mishan, a can kuma na fara jin bishara. Ban karɓa nan take ba. Na koma gida, na sake dawowa cin rani ina dakon buhunan gyaɗa, ranar Lahadi in je in tsaya a bakin ƙofar majami'a ina saurare, har ranar da na ga tsayuwar bakin ƙofa ta ishe ni. Aka yi mini baftisma. Daga baya na auri ɗiyar wani mai bi daga Sarkin Yamma, na kawo ta gidanmu.

Yaya bai doke ni ba, bai kore ni ba, ko zagi bai yi ba. Ranar da na faɗa masa, ya saurare ni har na gama, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Washegari ya kawo kara ya ja danni, ya raba tsakar gida biyu. Ya je garka ya tayar da kunya a tsakiya, ya ce wa Inna ta gaya mini gabas nawa ne. Tun daga nan bai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da ni ba, bai kuma ƙara yi mini magana ba. In muka haɗu a hanya sai ya ɗaga hannu kamar yadda ake yi wa baƙo. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Inna tana zaune a ɓangarensa, amma ta huda danni ta bayan rumbu, tana ratsowa da ƙwaryar fura ta zauna da matata suna tsinkar yakuwa. Yaya ya san da hujin nan, bai taɓa toshe shi ba.

Rijiyar garka ce kawai ba ta rabu ba, don tana daidai kan iyaka. Shi yana ban ruwa da safe, ni da yamma. Ba mu taɓa shirya haka da baki ba.

A ranin da ya gabaci babban farin nan na shekarun saba'in, ruwa ya fara gudu ƙasa. Guga ya riƙa dawowa da laka, albasa ta fara kwanciya. Dole a yashe rijiyar a ƙara mata zurfi. Ƙasar wurin yashi ce, jikin rijiyar kuma da itace aka ɗaure shi tun zamanin mahaifinmu. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a ciki yana haƙa, ɗaya a sama yana jan kwando. Wan matata ya zo mana ziyara a makon, sai na roƙe shi ya kama mini. Na zaɓi ranar da na ji Inna ta ce Yaya zai je kasuwar Gabi, don kada in tare masa ban ruwa.

Da hantsi na sauka. Ƙasan rijiyar da sanyi, yana warin ruɓaɓɓen itace. Na yi ta cika kwando surukina yana ja, muna taɗi, muryarsa tana saukowa kamar daga cikin tulu. Ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafata, na ɗaga kai zan gaya masa. Sai na ji wata ƙara kamar ana yaga sabon zane. Ban gane ko mene ne ba. Wani abu ya buge ni a baya, na durƙusa, haske ya ɗauke.

Da hankalina ya dawo, ƙasa ta cim mini wuya. Hannuna ɗaya yana danne a ƙirjina, ɗayan yana sama, ƙafata ta hagu kuma ta juya ta wani wajen da ƙafa ba ta juyawa. Itatuwan jikin rijiyar sun faɗo sun gitta bisa kaina, su suka tare sauran ƙasar. Ta tsakaninsu wani ɗan siririn haske yana shigowa, yashi yana zubowa a hankali yana shiga kunnena. Duk sa'ad da na fitar da numfashi sai ƙasar ta ƙara matse ni, in na zo shaƙa ba wuri.

Mutane sun sha tambayata abin da na tuna a wurin, suna jiran in ce na ga haske ko na ji waƙar mala'iku. Ban ga komai ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne albasata ba ta sha ruwa ba jiya sosai. Sai na tuna matata tana da ciki. Na nemi addu'o'in da na haddace, ko ɗaya ba ta zo ba, sai sunan Yesu kawai, shi ma a zuci, don bakina cike yake da ƙasa. Ban ji tsoron inda za ni ba. Mamaki ne ya cika ni, cewa ashe haka abin yake zuwa, da hantsi, mutum yana tsakiyar magana.

Ina jin hayaniya a sama, tana nisa tana dawowa. Can sai hasken ya ƙara faɗi, wani yana janye itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafu suka sauko suka taka a gefen kaina a hankali. Na ga babban yatsan dama da farcensa a tsage, tsohon saran gatari tun ina yaro. Na san ƙafar.

"Auta, rufe idonka, ƙasa za ta shiga."

Na rufe. Da yatsansa ya kwashe mini ƙasar baki, kamar yadda ake yi wa ɗan akuya da aka haifa. Sannan ya fara tona da ɓarin ƙwarya, yana zubawa a kwando, yana girgiza igiya a ja. Duk kwasa ɗaya sai in ji ya ce bismillah ƙasa-ƙasa. Wurin ya yi mana ƙunci, gwiwarsa tana taɓa kumatuna, guminsa yana ɗiga a kaina.

Da ƙirjina ya fito na samu numfashi, na ce, "Yaya, ba ka tafi kasuwa ba?"

"Yi shiru, kada ka motsa."

Ya ci gaba da tona. Bayan wani lokaci shi da kansa ya ce, "Da ka gaya mini."

"Na ɗauka ba za ka zo ba."

"Ka tambaya?"

Ya tone har gwiwa, ya kama ƙafar da ta karye ya zaro ta, na yi ƙara. Ya ce in yi haƙuri, saura kaɗan. Igiyarmu ta kaba ta tsinke tun rugujewar farko, wadda ya sauko da ita kaɗai ta rage, sabuwa ce ta rama. Ya kwance ta daga kwando, ya zagaya ta ƙarƙashin hamatata, ya ƙulle, ya ja ƙullin ya gwada. Na ce masa ya fara hawa, sai a sake jefo mini. Ya ce, "Da wace ƙafar za ka tsaya ka jira?" Ya ɗaga murya ya ce a ja.

Masu garkar da ke kusa ne suka riƙe igiyar, su da surukina. Suka jawo ni, suka kwantar da ni a kan kunyar albasa. Rana ta kashe mini ido. Ina jin yatsun wani suna fama da ƙullin, yana cewa an ɗaure shi da ƙarfi. Ya kwance, suka juya za su mayar da igiyar. Ina kwance kaina a ƙasa, don haka ni na fara gani: bakin rijiyar ta wajen yamma ya ɗan sunkuya, kamar mutum zai zauna. Ba wata babbar ƙara. Ƙura ta taso, mutanen suka ja da baya, igiyar tana hannunsu.

Wani tsoho ya fara salati. Ni kuwa ina kallon wurin ina jiran Yaya ya ce a jefo.

Gari duka ya zo. Da fartanya da hannu da ƙore aka yi ta haƙa daga gefe, don kada sauran ya ƙara ruftawa. An so a ɗauke ni a kai ni gida, na ƙi. Sai bayan la'asar aka kai gare shi. A tsugune aka same shi, ɓarin ƙwaryar nan yana hannunsa.

Kafin magariba aka yi masa sutura. An ɗora ni a kan amalanken jaki aka bi da ni, aka tsayar da shi nesa kaɗan a gindin wani gawo, daga can na ga sahu ya miƙe. Bayan an rufe shi liman ya tako har inda nake. Tun da na zama Kirista bai taɓa yi mini magana ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Ka gaya wa tsohuwa, a wurinmu wanda ƙasa ta rufta wa ya yi mutuwar shahada." Na gyaɗa kai.

Mai ɗori ya ɗaure mini ƙafa da kara, aka kwantar da ni a ɗaki. Hawaye bai zo ba. Abinci in na tauna sai in ji yashi a haƙorana, ko da matata ta rantse ta tankaɗe garin sau biyu. Da safe in na ji tafiyar wani ta bayan danni sai in kasa kunne, in ce Yaya ne zai tafi ban ruwa. Masu gaisuwa suna ɓangarensa, kara kuma ba ya tare magana. Wata rana na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ikon Allah, mumini ya tafi, kafiri ya saura." Ban ji Inna ta amsa mata ba. Jim kaɗan sai ga ta ta ratso da ruwan ɗumi a ƙwarya, ta ɗora kaina a cinyarta, ta sa tsinke da auduga tana fitar mini da ƙasar kunne.

Ranar Lahadi masu bi suka zo. Mu kaɗan ne a garin, a wata rumfa muke taruwa. Suka cika ɗakin, suka yi waƙar godiya saboda Ubangiji ya fisshe ni daga rami. Wani ɗan'uwa, mutumin kirki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga yadda Allah yake ceton nasa." Maganar tsohuwar nan ce aka juya, kuma wannan karon daga bakin mutanena. Na juya fuskata ga bango har suka gama.

Mai bisharar da yake kula da mu dattijo ne daga wajen Katsina, ba ya son yawan magana in ba a kan wa'azi ba. Da sauran suka fita shi ya tsaya, ya zauna a ƙasa kusa da tabarmata.

Na ce, "Malam, ina yayana yake yanzu?"

Ya dubi hannayensa. Sannan ya ce, "Ɗana, ban sani ba."

"Kai ka koya mana hanya ɗaya ce."

"Na koya, kuma ko gobe haka zan koya, don ita na sani. Amma ba a ba ni aikin tsaron ƙofa ba. Abin da ya wuce tsakanin yayanka da Mahaliccinsa a ramin nan, ban kasance a wurin ba. Kai ne mafi kusa, kai ma ba ka ji ba."

Na ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce ya sani. Sai kuma ya fara cewa, "Na daɗe ina ƙoƙarin bayyana muku alheri da baki, ga shi kai ka gan shi da ido. Wani ya sauko inda kake, ya ɗauki igiyar da..."

Na katse shi. Na ce, "Malam, don Allah kada ka mai da yayana wa'azi."

Ya dube ni, ya ce, "Ba zan yi ba." Har ya rasu bai taɓa ambatar rijiyar nan a kan mumbari ba.

Matar Yaya tana takaba, ba ta fita. Da na fara dogara sanda na ratsa ta hujin Inna na je gaishe ta. Na tsaya daga bakin ƙofa, ita tana ciki. Ita ta gaya mini yadda aka yi. A safiyar nan Yaya ya ɗaura wa jaki kaya, ya biya ta garka, ya ji ƙarar haƙa daga cikin rijiyar. Ya dawo gida ya sauke kayan, ya ce mata, "Yaron nan ya shiga bai gaya mini ba, itacen ƙasa kuwa ya ruɓe." Ya ɗauki sabuwar igiyarsa ya koma, ya zauna a bayan wani kurmi inda ba za mu gan shi ba. Shi ya sa ya riga kowa isowa. Ta kuma ce, "Auta, tun da ka bar salla ba asubar da bai kira ka a addu'a ba, yana roƙon Allah ya dawo da kai." Na ce mata ni ma haka nake yi masa ta nawa gefen. Ta ce ta sani, tana jina. A bakin ƙofar nan na fara kuka, sanda ta zame, na zauna a ƙasa.

Kafin rijiyar nan, in aka ce alherin Allah, abin da nake ji shi ne daɗi, kamar ruwan randa da azahar. Bayanta na tarar yana da nauyi ƙwarai. An ba ni rai ban roƙa ba, ban cancanta fiye da wanda ya ba ni ba, kuma ba inda zan je in mayar. Na daɗe ina jin haushin numfashina. Matata ta haihu, aka miƙo mini jaririyar, abin da ya fara faɗo mini shi ne 'ya'yan Yaya biyu maza da ke tsaye suna leƙe. Sannu a hankali, ba a rana ɗaya ba, na gane cewa abin da na ce na gaskata tun a Maraɗi ke nan, cewa Almasihu ya mutu a madadina, sai dai a lokacin ina faɗa ne da sauƙi don ban san nauyin maganar ba. Dattijon ya yi gaskiya, ni ne ban iya jin ta daga bakin wani ba.

Dannin ba wanda ya rushe shi. Farin ya zo, awaki suka cinye karan, ba wanda ya gyara. Tafki ya ja baya har muna tafiya a inda da ake jefa koma. Tukunya ɗaya muka koma ci, wani lokacin dusa da ganye. Bayan farin matar Yaya ta yi aure a Safo, ta bar yaran wurin Inna, wato wurina. Na ci gaba da tura su wurin malaminsu, ina tashe su da asuba, in azumi ya zo matata ta yi musu sahur. Wasu 'yan'uwa a majami'a sun ga kamar na yi sakaci da dama. Ban ɓoye wa yaran abin da na gaskata ba, suna jin addu'ata kullum, in sun tambaya in amsa. Amma ban ga yadda zan yi amfani da mutuwar ubansu in raba su da abin da ya bar su a kai ba.

Game da sama kuwa, ina sa zuciya, yanzu ma fiye da da, tun da ƙafar nan ta fara gaya mini tafiyar ta kusa. Na gaskata za a karɓe ni, ba don na iya komai ba. Tambayar da na yi wa dattijon har yau ba ni da amsarta, kuma na daina karɓar amsa mai sauƙi daga kowane ɓangare. Inna ma a kan sallarta ta rasu. Na miƙa su, ita da Yaya, ga wanda ya fi ni sanin su, ya kuma fi ni ƙaunarsu, wanda bai taɓa yi wa kowa rashin adalci ba. Wasu ranakun wannan yana isata. Wasu ranakun ba ya isa, sai in faɗa masa hakan a addu'a.

Babban ɗan Yaya ya girma ya zama mai jan salla a unguwarsu. Ranar da aka raɗa wa ɗansa na fari suna, bayan mutane sun watse, ya zo ya zauna kusa da ni a zaure. Bai taɓa tambayata zancen rijiyar ba sai ran nan.

Ya ce, "Baffa, me ya ce maka a ciki?"

Na gaya masa duka, ban rage ba, har da tambayar da ya yi mini ban iya amsawa ba. Ya saurara kansa a sunkuye.

"Ka ji ya yi kalmar shahada?"

"Ina sama lokacin, ban ji ba. Amma tun da ya sauko har ya ɗaura mini igiya, bai kwashi ƙasa ko sau ɗaya ba tare da ya ambaci sunan Allah ba. Wannan da kunnena na ji."

Ya goge fuskarsa da hannun riga. Ya ce, "Allah ya san shi."

Na ce, "Ya san shi."

Muna nan zaune aka aiko daga cikin gida cewa tuwo yana hucewa. Ya miƙe ya ba ni hannu ya tashe ni, muka shiga tare.